Lagrange ko Newton? Abin Dubawa Kafin Ka Cike Gurbi

Duk lokacin da jarrabawar Numerika ta matso, tambaya ɗaya ce ke yawo a hostal da bakin laburare: "Wai in an ba mu tebur, Lagrange za mu yi ko Newton? Wanne ya fi ba da amsa daidai?" Wasu har ɓangare suke ja kamar 'yan kallon ƙwallo. To, babu wanda ya fi wani. In ka ba hanyoyin nan biyu ɗigogi iri ɗaya, kuma hannunka bai zame a kalkuleta ba, amsa ɗaya tak za su ba ka. Abin da ya raba su shi ne irin wahalar da za ka sha kafin ka isa. Haɗarin da ke cinye maki, ya kuma sa mutum zufa ranar kare firojek, yana wani wuri daban, kuma can nake so mu fi daɗewa.

Ga waɗanda ba su kai ga kwas ɗin ba tukuna: intafoleshan, wanda zan riƙa kira cike gurbi, shi ne a ba ka ƙimar y a wasu wurare na x, a ce ka ƙiyasta ƙimarta a wani wuri da ke tsakaninsu. Dabarar ita ce a nemo folinomiyal da ke ratsa duk ɗigogin, sai a tambaye shi abin da ke tsakiya. Ɗigo biyu, miƙaƙƙen layi. Ɗigo uku, mai mataki biyu, wato mai x². Ɗigo n+1, mai matakin da bai wuce n ba.

Me ya sa na ce amsa ɗaya ce? Ɗauka akwai folinomiyal biyu, P da Q, kowanne matakinsa bai wuce n ba, kuma kowanne ya ratsa ɗigogin nan n+1. Cire ɗaya daga ɗaya. P − Q shi ma matakinsa bai wuce n ba, amma ya zama sifili a wuri n+1. Folinomiyal mai mataki n ba ya da saiwa fiye da n, sai dai in shi kansa sifili ne ko'ina. Ke nan P da Q abu ɗaya ne. Shi ke nan hujjar, layi huɗu, kuma tana iya fitowa a jarrabawa. Lagrange, Newton, Gauss, Stirling, duk mutum ɗaya ne yake canza riga.

Ko sunayen ma kada su ruɗe ka. Fomular da muke kira ta Lagrange, wani Bature ɗan Ingila mai suna Edward Waring ne ya fara buga ta a 1779, Lagrange ya fitar da tasa a 1795. Newton kuwa ya sa tasa hanyar a littafinsa Principia na 1687, inda yake neman matsayin tauraruwa mai wutsiya a ranakun da ba a auna ta ba. James Gregory na Sikotilan ya san fomular tazara daidai tun wajen 1670, shi ya sa wasu littattafai ke haɗa sunayensu biyu.

Bari mu gwada da abin da muka san amsarsa, don mu kama ƙarya in an yi mana. Muna neman √7, muna da ɗigo uku: √1 = 1, √4 = 2, √9 = 3. Kalkuleta ta ce 2.6458.

A hanyar Lagrange, kowane ɗigo ana ba shi nauyinsa. Nauyin ɗigon farko shi ne (7−4)(7−9) a raba da (1−4)(1−9), wato −6/24 = −0.25. Na biyu (7−1)(7−9) a raba da (4−1)(4−9), wato 0.8. Na uku (7−1)(7−4) a raba da (9−1)(9−4), wato 0.45. Sai ka ninka kowane nauyi da y ɗinsa ka tara: −0.25 + 1.6 + 1.35 = 2.7. Kafin ka ninka ɗin, tsaya ka tara nauyin su kaɗai. Dole su ba da 1 cif: −0.25 + 0.8 + 0.45 = 1. In ba su ba da 1 ba, wata alamar cirewa ta ɓace maka, koma ka nemo ta. Daƙiƙa goma ne wannan binciken, kuma yawancin makin da ake zubarwa a Lagrange ta nan suke tsiyaya.

A hanyar Newton, tebur ake ginawa na rababben bambanci. Layin farko: (2−1)/(4−1) = 1/3, da (3−2)/(9−4) = 1/5. Layi na biyu: (1/5 − 1/3)/(9−1) = −1/60. Lura da ƙasan, 9 − 1 ne, daga ƙarshe zuwa farkon rukunin, ba 9 − 4 ba. Folinomiyal ɗin shi ne 1 + (x−1)/3 − (x−1)(x−4)/60. Sa 7: 1 + 2 − 0.3 = 2.7. Ka gani ko? Amsa ɗaya.

Yanzu sai malam ya ce, sashe na biyu na tambayar, ƙara √16 = 4. Nan ne mai Lagrange zai riƙe kai, don duk nauyin nan uku sun tashi aiki, sai ya sake huɗu sababbi daga tushe. Mai Newton kuwa layi ɗaya zai ƙara a gindin teburinsa: 1/7, sai −1/210, sai 1/1260. Tsohon aikinsa na nan daram, gaɓa ɗaya kawai zai liƙa: (7−1)(7−4)(7−9)/1260 = −0.0286. Sabuwar amsa 2.6714. Kuma gaɓar nan ta ƙarshe tana yi maka wani aikin kyauta, tana nuna maka gefen da tsohuwar amsa ta karkata da kimanin girman karkatar. Ba ta faɗi ainihin kuskuren ba, wanda ya kai 0.054, amma ta ce maka 2.7 ya yi sama, kuma lamba ta biyu bayan ɗigo ba abin dogaro ba ce. Lagrange ba ya gaya maka komai irin wannan.

Saboda haka ni, in takarda da biro ne, kuma ɗigogin sun haura uku, Newton nake bi. Yana kuma da daɗin dannawa in ka rubuta shi cikin juna: 1 + (x−1)[1/3 + (x−4)(−1/60 + (x−9)/1260)]. Fara daga can ciki, ka riƙa amfani da maɓallin Ans kana fitowa waje, ba sai ka kwafi wata lamba a gefe ba.

Amma kada a zalunci Lagrange. Nauyinsa bai san y ba sam, x kaɗai ya sani. In a wuraren x guda ɗin nan ka auna abubuwa daban daban, a ce zafi da matsi da gudun ruwa, nauyi sau ɗaya za ka lissafa ka yi ta amfani da shi. Mai Newton sai ya gina tebur uku. Sannan a fagen hujja shi ne sarki. Lambobin nan 1, 4, 1 na ƙa'idar Simpson da muke haddacewa, daga nauyin Lagrange na ɗigo uku suka fito. In tambaya ta ce ɗigo uku ne, ƙima ɗaya ake so, yi Lagrange ka wuce abinka.

In tazarar x daidai take, kamar 10, 20, 30, 40, rabawar nan ta zama ɓata lokaci, sai a koma fomular bambancin gaba ko ta baya. Ga sain na digiri 10, 20, 30 da 40 daga teburin lambobi huɗu da muka riƙe a sakandare: 0.1736, 0.3420, 0.5000, 0.6428. Bambanci na farko 0.1684, 0.1580, 0.1428. Na biyu −0.0104, −0.0152. Na uku −0.0048. Ana neman digiri 12, ke nan s = (12−10)/10 = 0.2. Fomular gaba ta ba da 0.1736 + 0.03368 + 0.00083 − 0.00023, wato 0.2079, daidai da abin da kalkuleta za ta nuna. Abin da ake koya mana, gaba in x na kusa da saman tebur, baya in yana kusa da ƙasa, Stirling ko Bessel in yana tsakiya, gaskiya ne, amma dalilinsa ya kamata a sani. In za ka yi amfani da duk ɗigogin teburin, ko wacce ka bi amsa ɗaya ce. Bambancin yana fitowa ne in za ka tsaya a hanya, bayan gaɓa biyu ko uku, don a lokacin kowace fomula ɗigogi daban ta ɗauka, kuma wadda ta ɗauki na kusa da x ita ce mai nasara.

Teburin bambanci ɗan sanda ne kuma. In lamba ɗaya ta shiga da kuskure e, a layi na biyu za ka gan shi e, −2e, e, a na uku e, −3e, 3e, −e, yana buɗewa kamar mafici. In ka ga bambancin yana tsalle sama da ƙasa maimakon ya riƙa ƙanƙancewa, bi maficin nan baya, zai kai ka kan lambar da aka kwafa ba daidai ba.

To, yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. Koma kan √7. Ɗigo huɗu sun ba mu 2.6714, kuskure 0.026. Jefar da ɗigon farko, ka yi da 4, 9, 16 kawai: 2 + 0.6 + 0.0286 = 2.6286, kuskure 0.017. Ɗigo uku sun doke huɗu. Fomular kuskure ce ta bayyana wannan: kuskuren shi ne dirabatif na n+1 a wani wuri cikin zangon, a raba da (n+1)!, a ninka da (x−x₀)(x−x₁) har zuwa (x−xₙ). Dirabatif ɗin √x suna kumbura in an matso kusa da sifili, don haka jawo x = 1 cikin lissafin jawo rigima ne. Ba kullum ƙarin ɗigo ke zama ƙarin gaskiya ba, kuma wannan bai da ruwa da Lagrange ko Newton.

Misalin da ya fi shiga raina daga ƙidayar jama'ar ƙasar nan yake, kuma 'yan sashen ƙididdiga za su ci karo da irinsa. Adadin hukuma, a miliyoyi: 55.7 a 1963, 89.0 a 1991, 140.4 a 2006. An yi ƙidaya a 1973 amma aka soke sakamakonta, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage. Tazarar ba daidai ba ce, shekara 28 da shekara 15, don haka fomular gaba da ta baya sun fita, sai rababben bambanci. Layin farko 33.3/28 = 1.1893 da 51.4/15 = 3.4267. Na biyu (3.4267 − 1.1893)/43 = 0.05203. Folinomiyal ɗinmu: 55.7 + 1.1893(x−1963) + 0.05203(x−1963)(x−1991).

Tambaye shi shekarar 2000, zai ce miliyan 117.0. Madalla, don ko ka bi ta ƙaruwar kashi 3 da ɗoriya cikin ɗari a shekara tsakanin 1991 da 2006, wajen nan za ka sauka. Miƙaƙƙen layi zai ba ka 119.8. Har nan lafiya lau. Yanzu tambaye shi 1966. Zai ce 55.4, ƙasa da na 1963. Wato a bakinsa jama'ar Nijeriya raguwa suka yi na wasu shekaru, kuma har 1970 ba su wuce 56.4 ba. Wani zai ce ai lokacin rikici da yaƙin basasa ne. A'a, ɗan'uwa, folinomiyal bai san an yi yaƙi ba. Lanƙwasa ce kawai ta mai x², wadda dole ta nutsa a wani wuri kafin ta hau. An kuma daɗe ana gardama a kan sahihancin adadin 1963 ɗin kansa, shi kuwa folinomiyal duk abin da ka ba shi rantsuwa yake yi a kai, sai ya ratsa ta kansa ko da zai karya ƙugu.

Fita daga zangon kuma ka ga ikon Allah. A 2023 zai ba ka miliyan 227, lambar da za ta kwanta wa mutum a rai tunda ƙiyasin da ake yawan ambata ya haura miliyan 200. Sai ka ji kamar ka gano wani sirri. Kafin ka sa ta a babi na huɗu, tambayi wannan folinomiyal ɗin dai shekarar 1914, da aka haɗe Arewa da Kudu. Zai ce miliyan 194. Bakin da ya faɗi wannan shi ya faɗi waccan.

Shahararren gargaɗi a wannan fanni daga Carl Runge na Jamus ya zo, a 1901. Ɗauki 1/(1+x²) daga −5 zuwa 5. Fankshan ne mai ladabi, kamar tudu guda, ba tsalle ba karaya. Sa ɗigo 11 masu tazara daidai, −5, −4, har zuwa 5, ka ratsa su da folinomiyal mai mataki 10. A tsakiya zai bi tudun sarai. A x = 4.8 kuwa, inda ƙimar gaskiya take 0.0416, zai ba ka wajen 1.80. Fankshan ɗin da bai taɓa wuce 1 ba ke nan. Ka ce bari in ƙara ɗigo ya gyaru, sai abin ya ƙara lalacewa: a wajen da x ya wuce kimanin 3.63 ta kowane gefe, kuskuren ƙaruwa yake yi ba iyaka yayin da ɗigogi ke ƙaruwa. Ba laifin kalkuleta ba ne, ba na zagaye lamba ba ne. Ko da lissafi marar aibi aka yi, haka zai fito. Wani ɓangare na dalilin yana cikin ninkin nan (x−x₀)(x−x₁)…, wanda in tazara daidai ce yakan yi ƙanƙani a tsakiya ya yi girma ƙwarai a bakin zango. Duk wanda ke da MATLAB ko Octave ko Python a laftof ɗinsa, don Allah ya zana wannan da hannunsa sau ɗaya. Layi biyar ne, kuma ganin kunnuwan nan biyu da ke miƙewa a gefe ya fi karatun shafi goma zama a kai.

Magani iri biyu ne, kuma wanda za ka ɗauka ya danganta da tambaya ɗaya: kai ke zaɓen wuraren x, ko ba ka su aka yi?

In kai ke zaɓe, kamar kana da fankshan mai wuyar lissafi kana so ka maye shi da folinomiyal, ko kai ke tsara inda za a ɗauki awo, to yi amfani da ɗigogin Chebyshev, masanin lissafin nan na Rasha. Hotonsu mai sauƙi ne. Zana rabin da'ira a kan zangonka, raba bakanta kashi daidai, sai ka sauko da kowane ɗigo tsaye zuwa kan layin x. Za su cunkushe a gefe biyu su yi sako-sako a tsakiya, wato sun kai dakaru inda ɓaraka take. Da ɗigo 11 ɗin nan dai a misalin Runge, kuskure mafi girma yana sauka daga kusan 1.9 zuwa wajen 0.11, kuma yana ci gaba da raguwa in ka ƙara ɗigo.

In kuwa tebur aka miƙo maka, wanda shi ne halin yawancinmu, daina neman folinomiyal ɗaya da zai auri dukan ɗigogin. Ɗauki uku ko huɗu mafi kusa da inda kake nema, waɗanda suka sa shi a tsakiya, ka yi aikinka da su. Teburin tururi na 'yan kanikanci ma ai layi biyu ake kamawa a ja miƙaƙƙen layi, kuma yana wadatarwa saboda tazarar ƙanana ce. In lanƙwasa mai santsi kake so daga farko har ƙarshe, sai sifilain mai mataki uku: kowane gurbi da nasa ɗan folinomiyal, an ɗinke su yadda gangara da lanƙwasa za su dace a kowace mahaɗa. Sunan ya samo asali ne daga siririn katakon da masu zanen jiragen ruwa ke lanƙwasawa su danne da nauyi don su ja layi mai santsi, kuma Schoenberg ne ya shigo da shi lissafi a 1946. 'Yan sibil da 'yan safiyo masu zana tsawon hanya daga awon da aka ɗauka kowace mita ashirin, wannan ce tasu. Ɗigo talatin a folinomiyal mai mataki 29 zai zana maka rami da tsauni inda ƙasa take shimfiɗe.

Kalma biyu ga masu rubuta firogiram. Hanyar da ta fi saurin zuwa kai ita ce a rubuta a₀ + a₁x + a₂x² da sauransu, a warware tsarin lissafin da matiris ɗin Vandermonde. A takarda daidai ne. A kwamfuta, in x manya ne kamar shekaru, ginshiƙan matiris ɗin sukan yi kama da juna har kuskuren zagaye lamba ya cinye amsar, shi ya sa polyfit na MATLAB ke fito maka da jan gargaɗi. Cire 1963 daga kowace shekara tukuna, ka yi aiki da 0, 28, 43. Kuma akwai wani fasali na Lagrange da ake kira barisentirik, wanda Berrut da Trefethen suka farfaɗo da shi a wata maƙala ta 2004. Ana lissafa nauyi sau ɗaya, kowace sabuwar x aiki kaɗan take ci, ƙara ɗigo ma ba ya rusa komai. Wato duk ƙorafin da na yi a kan Lagrange a sama na mai biro ne. A Python yana nan cikin SciPy da sunan BarycentricInterpolator, sifilain kuma CubicSpline.

Saura awon ɗakin gwaji. In ka auna ƙarfin lantarki da gudunsa sau goma da mitar da allurarta ke rawa, kowace lamba tana ɗauke da ɗan kuskurenta. Cike gurbi zai tilasta wa layin ya bi ta kan kowane kuskure ɗaya bayan ɗaya, ya ba ka mai mataki tara a inda dokar Ohm ta ce miƙaƙƙen layi ne. Nan ba a bukatar Lagrange ko Newton ko sifilain. Hanyar mafi ƙarancin murabba'in kuskure ake bi, a ja layi ɗaya ya ratsa tsakiyar ɗigogin ko da bai taɓa ko ɗaya ba, gangararsa kuma ita ce juriyar wayar da aka aike ka ka auno.